Masu Bin Sawun Matafiya: Lacca Kan Aikin Masu Binciken Ƙaura da Masu Tsara Dokokin Shige da Fice

 

A ranin 1952 zuwa 1953 hukuma ta zaunar da akawuna a hanyoyin da ke fita daga Lardin Sakkwato, kowanne da littafi da alƙalami. Aikinsu shi ne rubuta mutanen da suka gama girbi suka ɗaure ƙunshi suka kama hanya: daga wane gari, zuwa ina, neman me. Kafin damina ta faɗi sun rubuta sama da mutum 200,000. Wani Bature masanin labarin ƙasa, Mansell Prothero, shi ya zauna ya tace abin da aka tara, ya fitar da rahoto a 1959. Cin rani, wanda kowace tsohuwa a Gwadabawa ko Isa ta san shi tun tana yarinya, daga lokacin ne ya shiga takardun gwamnati da adadinsa. Daga baya Prothero ya yi wa Hukumar Lafiya ta Duniya aiki kan yadda zirga-zirgar jama'a ke dagula yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, domin wanda aka yi wa magani a nan yau, gobe yana can wani gari.

A watan Fabrairu na 2016 Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, wato IOM, ta zaunar da nata masu ƙidayar a Arlit da Segedin, can arewacin Nijar. Littafi ya koma wayar hannu, tafiyar ƙasa ta koma bayan Hilux, amma tambayoyin suna nan yadda suke: daga ina, zuwa ina, neman me.

Wannan lacca a kan waɗannan mutane take, da waɗanda ke karɓar abin da suka rubuta su juya shi har ya zama doka. Za ta bi sawun adadi tun daga bakin hanya har zuwa teburin da ake sa hannu, tana tsayawa a wurin kowane ma'aikaci don a ga me yake yi da kuma inda kuskurensa ke ƙarewa. Dalilin kawo maganar gaban wannan taro shi ne, a Afirka ta Yamma da wuya a sami al'ummar da ta fi Hausawa tafiya, kuma mafi yawan abin da duniya ta sani game da tafiyar tasu wasu ne suka rubuta shi.

Masu ƙidaya da masu tace alƙaluma

Ana danganta farkon wannan ilimi da Ernst Ravenstein, Bajamushe mai zana taswira da ya zauna a Ingila. A 1885 ya tsaya gaban ƙungiyar masana ƙididdiga a Landan da abin da ya tsamo daga ƙidayar jama'ar Birtaniya ta 1881. Ya nuna cewa yawancin masu ƙaura ba sa yin nisa, cewa duk hanyar da mutane ke kwarara ta cikinta akwai masu komowa ta ita, kuma a cikin gida mata sun fi maza sauya wurin zama. Bai bi kowa zuwa tasha ba. Ya duba inda aka haifi mutum, ya duba inda aka same shi ranar ƙidaya, ya haɗa biyun.

Har yau magadansa haka suke yi. A sashen ƙididdigar jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya da ke New York akwai masana da aikinsu kawai tattara ƙidayar ƙasashe, su cike gurbin da babu bayani da lissafi. Su ne suka ce a 2024 mutum miliyan 304 ke zaune a wajen ƙasar haihuwarsu, wato kashi 3.7 cikin ɗari na mutanen duniya. Ingancin wannan adadi ya dogara da ƙidayar kowace ƙasa, ga shi Najeriya rabonta da ƙidaya tun 2006.

Akwai kuma matsalar ma'ana. A ma'aunin Majalisar Ɗinkin Duniya, sai mutum ya sauya ƙasa na wata goma sha biyu ake lissafa shi cikin masu ƙaura ta dindindin. Ɗan ci-ranin da ya bar ƙauyensu kusa da Madawa bayan girbi, ya yi turin ruwa a Kano, ya koma gida kafin shuka, yana ratsa wannan raga ya wuce ba a gan shi ba. Hausa kuwa tana da suna ga kowace irin tafiya. Cin rani daban, fatauci daban, ƙaura daban, gudun hijira daban, haka yawon almajiranci da tafiyar makiyayi. Idan takardar tambayoyi ta zo da kalma guda ta Turanci ko Faransanci, mai ƙidaya ne zai yanke shawarar wacce zai faɗa wa mutumin da ke gabansa, kuma amsar da za ta isa teburin masu tace alƙaluma ta rataya ne a kan wannan zaɓi nasa.

Ga misalin abin da adadi guda ke iya yi. A watan Disamba na 2016 Tarayyar Turai ta sanar cewa masu ratsa hamada ta Nijar sun ragu daga 70,000 a watan Mayu zuwa 1,500 a Nuwamba. An ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa haɗin gwiwarta da Nijar ya yi nasara, har ana cewa a yi koyi da shi a wasu ƙasashe. Makonni kaɗan bayan haka kafar labarai ta IRIN ta bankaɗo cewa an sami kuskure: ainihin adadin Nuwamba ya haura 11,000. Ban da wannan, masu ƙidaya a kan babbar hanya suke zaune, direbobi kuwa sun riga sun soma kauce mata don gudun kamu. Raguwar da aka gani a littafi, wani ɓangarenta mutane ne da suka koma bin hanyoyin da babu rijiya babu mai ceto. Shi ya sa a wannan aiki ake horar da mai nazari ya rubuta, a ƙarƙashin kowane jadawali, inda aka ƙirga da inda ido bai kai ba.

Masu zama da jama'a

Adadi yana faɗin nawa ne suka tafi. Dalilin tafiyar kuwa sai wanda ya zauna da matafiya ya ci tuwo da su. Wannan shi ne rukuni na biyu: masana halayyar al'umma, masana tarihi da masana labarin ƙasa.

Jean Rouch, Bafaranshe da ya fara zuwa Nijar a matsayin injiniyan hanya, ya bi samarin yammacin Nijar zuwa Kumasi da Accra a shekarun 1950, ya rubuta rahoto a 1956, ya kuma ɗauki fim a kansu. Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Badun a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969. Ya nuna yadda Hausawan Sabo suka riƙe cinikin shanu da goro ta hanyar maigida mai saukar da baƙi, da dillali, da bashin da ke tafiya bisa amana ba takarda, da kuma zumuncin ɗariƙar Tijjaniyya. Farfesa Mahdi Adamu, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Sakkwato, ya bi sawun fatake da malamai har Gwanja da zangunan Gana, littafinsa na 1978 ya nuna cewa ba a fahimtar tarihin Afirka ta Yamma in an cire tafiye-tafiyen Bahaushe.

Ta gabas kuma akwai hanyar Makka. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har bakin kogin Nilu, garin da suka kafa kusa da Sennar yana ɗauke da sunansa har yau. Bawa Yamba ya zauna da zuriyar alhazan da suka yada zango a Sudan suna noman auduga a Jazira, ya wallafa littafi a 1995. Ya tarar da jikoki da tattaɓa kunne waɗanda a can aka haife su, ba su taɓa ganin Kano ba, ba su isa Makka ba, amma in an tambaye su sai su ce a kan hanya suke. Babu takardar ƙidayar da ke da gurbin wannan amsa. David Rain shi ma ya yi bincike a Maraɗi, har ya raɗa wa littafinsa na 1999 suna da fassarar kalmar masu cin rani.

A zamaninmu, Julien Brachet ya hau manyan motoci tare da matafiya daga Agadas ya ratsa hamada, ya nuna cewa da yawansu Libiya da Aljeriya suka nufa neman aiki, kamar yadda iyayensu suka yi. Farfesa Harouna Mounkaila na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ya daɗe yana nazarin wannan zirga-zirga daga cikin gida. A Najeriya, Farfesa Aderanti Adepoju ya share gomman shekaru yana nanata wa duniya cewa mafi yawan 'yan Afirka ta Yamma da suka bar ƙasarsu a maƙwabta suke sauka, ya kuma kafa ƙungiyar masu binciken ƙaura a Afirka.

Amfanin irin wannan zama ya fito fili a watan Oktoba na 2013, lokacin da aka tsinci gawa 92 a hamada tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace. Yara 52 ne, mata 33, maza 7, yawancinsu daga yankin Kance a jihar Damagaram. Masu kallo daga nesa sun ɗauka mutanen Turai suka nufa. Masu binciken da suka shiga ƙauyukan Kance suka zauna da mata, su suka bayyana cewa tafiya ce ta zuwa biranen Aljeriya neman taimako da aikatau a dawo, wadda ƙarancin gona da yawan jama'a suka haifar, kuma wadda ta dawo da kaya ita ke jan ta baya. Maganin da za a rubuta wa mai neman Turai daban yake da na uwar da ke neman abin da za ta ciyar da 'ya'ya kafin kaka.

Masu lissafin kuɗi

Rukuni na uku masana tattalin arziki ne. A 2003 Dilip Ratha na Bankin Duniya ya jawo hankali ga abin da ke gaban kowa ba a kula ba: kuɗin da 'yan ci-rani ke aikawa gida ya zarce duk tallafin da ƙasashe masu arziki ke bayarwa. Daga nan aka soma bibiyar kuɗin shekara-shekara. Na Najeriya ya kai kusan dala biliyan 20 a 2023. Wannan lissafi ne kuma ya tona cewa aika kuɗi zuwa Afirka kudu da Sahara ya fi ko'ina tsada, kusan kashi 8 cikin ɗari na dala 200 a 2023, alhali muradun ci gaba na duniya sun sa burin sauko da shi ƙasa da kashi 3 kafin 2030. Kuɗin da aka damƙa wa direban mota, ko wanda ya bi ta hannun 'yan canji a Wapa, ba ya cikin wannan jimla, kuma yana jiran wanda zai auna shi.

Su ne kuma ke amsa tsohuwar tambayar nan, ko baƙo na cinye aikin ɗan gari. A 1980 mutum kusan 125,000 suka tsallaka daga Kuba zuwa Amurka cikin 'yan watanni, ma'aikatan birnin Miami suka ƙaru da kusan kashi 7 cikin ɗari. David Card ya kwatanta Miami da wasu birane, a 1990 ya ce bai ga albashin 'yan gari ya faɗi ba. George Borjas na Jami'ar Harvard ya sake duba alƙaluman ya ce marasa ilimin sakandare sun ji jiki. Card ya sami kyautar Nobel a 2021, muhawarar kuwa ba ta mutu ba. Hein de Haas, ɗan Holan da ya fara bincikensa a wani kwari na kudancin Maroko, ya kawo wani abin da ya saɓa wa tunanin masu ba da tallafi: idan ƙasa matalauciya ta fara samun ilimi da kuɗi, fita waje ƙaruwa take yi da farko, domin tafiya mai nisa tana buƙatar guzuri, wanda ba shi da komai ba ya iya ta.

Lauya, mai tantancewa da tafinta

Wanda ya gudo don tsira da rai yana da nasa ma'aikatan. Kakansu a sana'a shi ne Fridtjof Nansen, ɗan Norway, wanda aka naɗa kwamishinan 'yan gudun hijira a 1921. A 1922 ya fito da takardar tafiya ga waɗanda ƙasarsu ta yafe su, wadda ƙasashe sama da 50 suka amince da ita. Yarjejeniyar Geneva ta 1951 ta fayyace wane ne ɗan gudun hijira: wanda ke tsoron zalunci saboda launin fata ko ƙabila, addini, ƙasa, ra'ayin siyasa, ko kasancewa cikin wani rukunin jama'a. Sashe na 33 ya hana mayar da shi inda ransa ke cikin haɗari. Shugabannin Afirka sun faɗaɗa ma'anar a Addis Ababa a 1969, ta haɗa da wanda mamaya ko rushewar zaman lafiya ta kora. A 2009 yarjejeniyar Kampala ta shigo da waɗanda suka rasa matsuguni a cikin ƙasarsu, kuma a 2018 Nijar ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta shigar da wannan yarjejeniya cikin dokarta ta gida.

Waɗannan sassa na doka su ne abin aikin jami'in kariya a sansanin Minawao na Kamaru, da na Diffa, da na ƙauyukan Maraɗi inda mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka soma kwarara tun 2019 saboda 'yan bindiga. Yana yi wa iyali rajista, ya nemo iyayen yaron da ya ɓace a gudu, ya tabbatar jaririn da aka haifa a sansani ya sami takardar haihuwa don kada ya tashi ba shi da ƙasa.

A ɗakin tantance mai neman mafaka mutum uku ne ke zaune: mai nema, jami'i da tafinta. Jami'in na auna ko labarin ya tsaya a kan ƙafarsa. Idan mace ta ce abin ya faru da kaka, tafinta ya mayar da shi wani watan Bature da ya ga dama, gobe aka sake tambaya wata ya sauya, za a rubuta cewa maganarta ta ci karo da juna. Idan ta ce “an ɓata ni” cikin kunya, tafinta bai gane nauyin kalmar ba, babbar hujjarta ta salwanta. Tafintan Hausa da ya san doka, ya san karin harshen Gobir da na Damagaram, ya kuma iya riƙe sirri, ma'aikaci ne da ake nema daga Agadas har kotunan Italiya da Jamus.

Jami'in iyaka da mai rubuta manufa

Hukumar Shige da Fice ta Najeriya an cire ta daga cikin 'yan sanda a 1958, doka ta tabbatar da ita a 1963, aka sabunta dokar a 2015. Tana da makarantar horo a Kano da kwalejin manyan jami'ai a Sakkwato. A Nijar wannan aiki yana hannun wani sashe na 'yan sanda. Jama'a sun fi sanin jami'in da fasfo da biza, amma a ciki akwai masu gane takardar jabu, masu kula da na'urar ɗaukar zanen yatsa, masu sintiri, da masu ba baƙi izinin zama. Wanda aka tura Illela ko Jibiya ko Maigatari ko Kamba yana tsare da iyaka mai tsawon kimanin kilomita 1,500 wadda ta raba gona da mai ita, ta raba wa da ƙane. Kullum sai ya bambance mai zuwa cin kasuwa da mai zuwa biki da yarinyar da ake safararta ba ta sani ba. Kusa da shi akwai hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, wadda aka kafa a 2003, da hukumar 'yan gudun hijira ta ƙasa da ta samo asali a 1989, da hukumar 'yan Najeriya mazauna ƙetare.

A ƙarshen layin akwai mai rubuta manufa. Shi ne ke karanta rahoton mai ƙidaya da na mai bincike, ya taƙaita wa minista a shafi biyu, ya zana daftarin doka, ya zauna a teburin sulhu da wasu ƙasashe. Tarihin yankin nan ya nuna nauyin alƙalaminsa ta fuska biyu. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, zanguna suka girgiza, Hausawa da Yarabawa da dama suka baro dukiya. A Janairu 1983 Najeriya ta yi irin haka, aka ƙiyasta mutum kusan miliyan biyu suka fita, kimanin rabinsu 'yan Gana. A tsakanin biyun, a Dakar a 1979, wasu ma'aikatan suka rubuta yarjejeniyar ECOWAS da ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta ba biza har kwana 90. Najeriya ta amince da manufar ƙaura ta ƙasa a 2015, sannan a Marrakesh a Disamba 2018 aka amince da yarjejeniyar duniya mai muradu 23, na farkonsu shi ne tattara sahihan alƙaluma.

Dokar Nijar mai lamba 2015-36 ta haɗa duk waɗannan darussa. An yi ta a watan Mayu 2015 don hukunta masu fasa-ƙwaurin mutane, aka soma zartar da ita da ƙarfi a 2016 da goyon bayan Tarayyar Turai. Kafin nan kowace Litinin ayarin motoci ke tashi daga Agadas zuwa Dirku a fili, da rakiyar soja. Bayan nan aka kama direbobi, aka ƙwace motoci, masu masauki da 'yan kamasho da masu sayar da jarkar ruwa suka rasa abin yi, kuɗin mota ya hau. Alƙaluman IOM sun nuna masu fita sun sauko daga sama da 330,000 a 2016 zuwa kimanin 70,000 a 2017, masu bincike kuma suka yi ta nuna cewa tafiyar ta koma ɓoye ta ƙara haɗari, kuma dokar na cin karo da 'yancin zirga-zirgar ECOWAS. A Nuwamba 2023 gwamnatin soja ta soke ta. Daga farko har ƙarshe, kowane mataki akwai ma'aikacin da ya rubuta takardar da aka dogara da ita.

Ta ina ake shiga

Ba digiri guda ke kai mutum wannan fage ba. Ana shigowa daga labarin ƙasa, nazarin al'umma, tarihi, tattalin arziki, ƙididdiga, shari'a, lafiyar jama'a da nazarin harsuna. Mai son ƙwarewa yana da Cibiyar Nazarin Ƙaura ta Jami'ar Gana da ke Legon, wadda aka kafa a 2006 kuma take ba da digiri na biyu da na uku. Akwai irinta a Jami'ar Wits ta Johannesburg da Jami'ar Amurka ta Alƙahira, a gida kuma Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya da Jami'ar Nnamdi Azikiwe sun buɗe nasu cibiyoyin. A Yamai akwai cibiyar LASDEL da ke horar da matasa binciken zama da jama'a. A Oxford akwai cibiyar nazarin 'yan gudun hijira da Barbara Harrell-Bond ta kafa a 1982, matar da littafinta na 1986 ya nuna, daga sansanonin kudancin Sudan, yadda agajin da ba a shawarci mai karɓarsa ba ke karya masa mutunci.

Yawancin ma'aikata daga ƙasa suke farawa: mai cike takardar tambayoyi na mako biyu, sai mai duba masu cikewa, sai mataimakin bincike, sai jami'in bayanai. Abin da ke ɗaga mutum daga wannan mataki zuwa wancan sananne ne. Ya iya tattara bayanai da KoboToolbox, ya iya tace su da Excel sannan Stata ko R, ya iya zana taswira da QGIS, ya iya rubuta shafi biyu da mai mulki zai karanta ya gane. Ɗan Najeriya ya ƙara da Faransanci, ɗan Nijar ya ƙara da Turanci, Larabci kuma yana buɗe ƙofar Chadi da Sudan da Libiya. Mata na da gurbi na musamman, domin matar Kance ko wadda ta dawo daga aikatau a Saudiyya ba za ta buɗe cikinta ga namiji baƙo ba.

Sai dai aikin na da ɗacinsa, kuma wajibi ne a faɗa. Yawancin guraben kwangila ce ta wata shida ko shekara, mai rataye da kuɗin masu tallafi. Da Amurka ta datse tallafinta a 2025, IOM da hukumar 'yan gudun hijira ta UNHCR sun sallami dubban ma'aikata. Akwai haɗarin rai: a harin da aka kai Rann a jihar Borno ranar 1 ga Maris 2018 an kashe ma'aikatan agaji uku, biyu daga cikinsu masu yi wa IOM aikin kula da sansani. Akwai nauyin zuciya ga wanda ke wuni yana sauraron waɗanda aka zubar a hamada suka tako kilomita 15 daga iyakar Aljeriya zuwa garin Assamaka na Nijar. Akwai jarrabawar amana, domin sau da yawa mai biyan kuɗin bincike yana da amsar da yake so ya ji, kuma sunan direba ko na mai masauki da ya suɓuce daga littafin mai bincike na iya kai mutum kurkuku. Akwai kuma tsohuwar al'adar da ɗan gida ke yin tambayoyi da fassara, rahoto ya fito da sunan wani. Matashin da zai shiga ya nemi a rubuta matsayinsa a takarda tun kafin a fara.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma tambayoyin da ke jiran amsa a ƙasar Hausa suna da yawa. Ranar 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS, ƙungiyar ta ce za a ci gaba da mutunta zirga-zirga har zuwa wani lokaci. Yadda wannan ke gudana a zahiri tsakanin Illela da Birnin Ƙonni ranar kasuwa, wanda ya tsaya a wurin ne zai iya faɗa. Haka batun inda 'yan acaɓar Arewa suka nufa bayan Legas ta hana su manyan unguwanni a 2022, da batun ƙauyukan Zamfara da suka watse, waɗanda mutanensu ba su shiga sansani ba, gidajen dangi suka raɓa. Ɗalibin da ke neman abin rubuta kundin kammala digiri zai iya farawa da tashar motar garinsu a ranin bana: ya nemi izinin shugabannin tasha, ya bayyana wa kowane fasinja abin da za a yi da amsarsa, kada ya rubuta sunan kowa, ya zauna daga ƙarshen girbi zuwa faɗuwar ruwa da tambayoyi ukun nan da akawunan Sakkwato suka yi a 1952, ya ƙara ta huɗu, wato yaushe ake sa ran dawowa.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya ya dawo da su lafiya.